Waɗanne takardu ne ke da amfani ga mai sayen hatsi ya ajiye?

Matashin_Taura: Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure. Wata ƙungiyar matasa ce a yankin Taura take son fara sayen masara, gero, wake da ɗan riɗi a kaka, a ajiye, a fitar a bazara. Masu zuba jari sun ce sai an kawo tsarin kasuwancin a rubuce, da hujjar cewa akwai riba. To waɗanne littattafai ko rahotannin bincike ake dogara da su a irin wannan? Wasu sun ce ɓata lokaci ne, wai kasuwa ba ta san takarda ba.

Kwarami_Gujungu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, waɗanda suka faɗa maka haka ba su yi ƙarya ba sosai. Ka zo kasuwar Gujungu ranar Lahadi goma a jere, ka zauna kusa da ma'auna tun hantsi har la'asar, ka riƙa rubuta farashin safe da na yamma. Littafin da ka fita da shi ya fi duk wanda za ka saya.

Akawun_Gumel: Alhaji Kwarami, Lahadi goma wata biyu da rabi ne kawai. Abin da yaran nan ke nema shi ne yadda farashi ke tafiya daga Nuwamba zuwa Yuli, shekara bayan shekara, kuma wannan ba ya samuwa da zaman wata biyu. Akwai inda aka riga aka tara shi.

Na farko, bayanan farashi na FEWS NET, cibiyar da ke gargaɗi kan yunwa tun da wuri, da na Hukumar Abinci ta Duniya, WFP. Suna bin kasuwanni da sunansu, ciki har da Dawanau da Gujungu, kuma farashin sari ne na buhu mai kilo 100: masara fara da ja, dawa, gero, wake. Ana sauke jadawalin kyauta daga HDX, shafin intanet na bayanan ayyukan agaji, wata-wata, na shekaru da yawa. Mai neman Maigatari a ciki ya gwada rubuta ta a rabe, Mai Gatari, don haka aka shigar da ita. A farkon 2025 shafin FEWS NET ya tsaya na wasu watanni bayan Amurka ta dakatar da tallafin hukumarta ta agaji, USAID, saboda haka duk wanda ya samu jadawalin ya ajiye kwafinsa a waya ko kwamfuta.

Na biyu, rahoton farashin abinci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ke fitarwa duk wata. A yi hattara da shi. Farashin ɗai-ɗai ne na kilo guda, kuma matsakaicin jiha ne baki ɗaya, an haɗa birni da ƙauye. Yana da wake, shinkafa, masara, albasa da tumatir, amma ba na riɗi ko zoɓo ba ne. Yana nuna inda iska ta nufa, ba ya nuna abin da za ka biya a Gujungu.

Hajiya_MaiSito: Malam Akawu, duk da kyau, amma ka tsallake babbar matsalar. Takardun nan da kilo suke magana, kasuwarmu da tiya da kwano take magana. Wanda ya ɗauki farashin kilo 100 ya ɗora a kan buhun da ya saya a ƙauye ba tare da ya ɗora shi a sikeli ba, lissafinsa ya karkace tun daga layin farko.

Maauni_Dambatta: Hajiya ta taɓo wurin. Abin da aka saba faɗa shi ne tiya 40 buhu ɗaya, tiya kuma kusan kilo biyu da rabi, shi ya ba da 100. Amma wannan ƙiyasi ne. Abubuwa huɗu ke canza shi: girman kwanon kansa, domin akwai wanda aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, akwai wanda aka buɗa bakinsa, yadda aka cika, da tozo ko a shafe, ko mai awo ya tare gefe da hannu, sai irin hatsin da bushewarsa. Gero, dawa, wake da riɗi ba nauyinsu ɗaya ba a kwano guda, riɗi ya fi su rashin nauyi nesa.

Yadda ake gyarawa: a sayi ƙaramin sikeli na rataye. A kowace kasuwa, a sa mai awon da za a yi hulɗa da shi ya auna tiya goma yadda ya saba, a zuba a buhu, a ɗora a sikeli, a cire nauyin buhun, a raba goma. A yi haka ga kowane irin hatsi daban. A rubuta: kasuwa kaza, hatsi kaza, tiya ɗaya kilo kaza, rana kaza. A maimaita a bazara, saboda kwanon da ake saye da shi a kaka sau da yawa ba shi ake sayarwa da shi a bazara ba. In tiya ta zo kilo 2.3 maimakon 2.5, buhunka mai tiya 40 kilo 92 ne, kilo 8 sun tafi kafin ka bar kasuwa.

Kwarami_Gujungu: To kun gani. Wannan a wane littafi yake?

Daliba_Dutse: Baba Kwarami, akwai shi a wasu kundayen digiri, masu kyau daga cikinsu sukan sa jadawalin awon gargajiya da nauyinsa a kilo. Sassan tattalin arzikin noma na Jami'ar Bayero, Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Tarayya ta Dutse sun yi bincike mai yawa kan cinikin wake, riɗi, shinkafa da dabbobi a kasuwannin Kano da Jigawa. Na ABU ana samun da yawa a rumbunsu na intanet mai suna Kubanni.

Amma ba a karanta kundi daga farko. A fara da babi na uku, inda mai binciken ya faɗi yadda ya tattara bayani. A duba shekarar da ya shiga kasuwa, ba shekarar da aka buga kundin ba, don tazarar kan kai shekara biyu ko uku. A duba mutum nawa ya tambaya, a wace kasuwa, kuma da kansa ya auna ko tambaya ya yi aka faɗa masa daga ka. Sannan a je babi na huɗu, jadawalin kuɗaɗen da ake kashewa. Lambobin naira sun tsufa, a bar su. Abin ɗauka shi ne jerin kansa: me da me ake biya tsakanin saye da sayarwa, kuma wanne ya fi cin kuɗi. Kusan kullum sufuri ne a sama. In kundi ya nuna riba mai ƙiba amma bai sa hayar sito ba, bai sa ragin nauyi ba, bai sa ladan mai kula da kaya ba, to ribar takarda ce.

Kwarami_Gujungu: 'Yata, ki ƙara da wannan: ɗan kasuwa in ya ga baƙo da takarda da biro yana tambayar ribarsa, abu biyu ne ke zuwa masa. Ko mai haraji ne, sai ya rage. Ko mai rabon tallafi ne, sai ya ƙara kuka. Duk lambar riba da aka samo ta hanyar tambaya, a sa mata alamar tambaya.

Daliba_Dutse: Gaskiya ne Baba, shi ya sa farashin da aka rubuta a bakin kasuwa ya fi abin dogaro a kan ribar da aka tambaya.

MalaminGona_Ringim: Ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren noma, domin farashin bazara a gona ake yanke shi. Takardu biyu ya kamata su kasance a hannun mai ajiya. Ɗaya, hasashen damina na hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, da ke fita a farkon shekara, mai nuna lokacin faruwar ruwa, lokacin ɗaukewarsa da inda ake tsoron fari a tsakiyar damina, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, kuma ana fassara shi da Hausa. Biyu, rahoton yadda damina ta kasance da cibiyar faɗakar da manoma ta Zariya, NAERLS, ke fitarwa duk shekara wajen kaka, mai ƙiyasta fili da amfanin kowace jiha, da ambaliya da ƙwari. In masara ta yi albarka a Kaduna, Katsina da Neja, kada ka sa ran tashin farashi mai yawa ko da gonakin Taura sun gaza, domin motoci za su cike giɓin. Mai kallon ƙauyensu kaɗai yakan yi wannan kuskuren.

Sai ƙananan littattafan faɗakarwa na cibiyoyin binciken noma, IAR Samaru, NAERLS da IITA, kan ajiya. Ana iya tambaya a ofisoshin hukumomin raya aikin gona na Kano da Jigawa, KNARDA ko JARDA. Abin da suke nanatawa: kada danshin masara ya wuce kashi 13 cikin 100 lokacin ɗurawa, riɗi kuwa wajen kashi 6. In babu na'urar gwada danshi, a samu busasshiyar kwalba da busasshen gishiri, a zuba hatsi kamar kashi ɗaya cikin uku na kwalbar, a ƙara gishiri cokali biyu, a rufe, a girgiza minti ɗaya, a bar ta kamar kwata. In gishiri ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi shanya. A jera buhu a kan katako, ba a ƙasa ba, a bar tazara tsakaninsa da bango.

Sani_Sito77: A sa ƙwayar maganin hayaƙi ɗaya a kowane buhun PICS, an gama.

MalaminGona_Ringim: A'a Malam Sani, wannan haɗa abu biyu ne da ba sa buƙatar juna. Buhun PICS leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Aikinsa hana iska shiga: ƙwarin da ke ciki su shanye iskar da ta rage, su mutu. Ba a sa masa magani. Abin da ke ɓata shi: huda a leda, ɗaure ledojin biyu tare maimakon kowacce daban, rashin matse iska kafin ɗauri, yawan buɗewa, ɓera, da zuba hatsi mai danshi. Kafin a zuba, a hura kowace leda a matse a ji ko tana fitar da iska. Wake mai guntun kara ko tsakuwa mai kaifi a rairaye shi tukuna.

Ƙwayar hayaƙin kuwa, Phostoxin da ire-irenta, guba ce mai kisa. Ana amfani da ita a ƙarƙashin tamfol da aka rufe ruf ko sito mai rufuwa, na aƙalla kwana biyar zuwa bakwai, a bi adadin da ke jikin gwangwani, a naɗe ta a takarda ko ƙyalle don a iya kwashe tokar, kuma ba a taɓa yin haka a ɗakin da ake kwana ko mai haɗe da shi. In wurin na yoyon iska, ƙwarin ba sa mutuwa duka, waɗanda suka tsira su haifi masu jure magani. Masu yayyafa maganin feshin gona a kan wake kuma su tuna, irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015.

Akawun_Gumel: Mu koma kan hujjar riba da aka tambaya. Ga misali, lambobin na kwatance ne, kowa ya sa na kasuwarsu. A ce an sayi buhun masara ₦40,000 a Nuwamba. La'ada, awo, ɗinki, dako da kuɗin kasuwa ₦1,500. Mota zuwa sito ₦2,000. Buhun ajiya ₦3,000. Hayar sito da gadi na wata shida, rabon buhu ɗaya, ₦1,000. Ya kama ₦47,500. Hatsi na ƙara bushewa, wani na zubewa, a ce kashi 2 cikin 100 ya tafi: ₦47,500 a raba da 0.98, kusan ₦48,500. Ranar fitarwa akwai lodi, mota da la'ada kuma, a ce ₦1,500. Jimla ₦50,000. Wato sai farashi ya tashi da kashi 25 cikin 100 kafin a ga naira ɗaya ta riba, kuma ba a sa ladan masu aikin ba, ba a sa abin da kuɗin zai samar da an juya shi a wata shidan ba.

Yanzu a buɗe jadawalin Gujungu ko Dawanau. Ga kowace shekara, a raba farashin Yuni da na Nuwamban da ya gabace shi. In ya ba da 1.25 ko sama, shekarar ta biya. In ƙasa ne, faɗuwa. A yi haka na shekara takwas ko goma, ga kowane hatsi daban. A ƙirga shekarun da suka biya da waɗanda ba su biya ba. Wannan shafi ɗayan ya fi shafi hamsin na surutu a wurin mai jari.

Lissafi_Kazaure: Ƙari kan na Malam Akawu. A shekarun hauhawar farashi lambar za ta ruɗe ka. A Disambar 2024 NBS ta ce hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin 100 a shekara. In hatsinka ya tashi da kashi 30 a wata bakwai amma taki, fetur da kuɗin mota sun tashi da kusan 20, ribar gaskiya 'yar kaɗan ce. Gwaji mai sauƙi: kuɗin da ka samu a Yuni, buhu nawa zai saya maka a kaka mai zuwa? In ka fara da 50 ka dawo da 48, ka faɗi ko da nairorin sun ƙaru. Sannan a lura, a Janairun 2025 NBS ta sabunta ma'aunin lissafinta, lambar ta koma 24.48, don haka ba a jera lambobin kafin nan da na bayan nan kai tsaye.

Hajiya_MaiSito: Kuma a rubuta dalili a gefen kowace shekarar da ta fita daban, in ba haka ba jadawali zai koya maka abin da ba haka ba. Rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin da mai tsabar kuɗi ke saye da rahusa, mai tiransifa ke biya da tsada, a kasuwa ɗaya rana ɗaya. Cire tallafin fetur a Mayun 2023. Juyin mulkin Nijar a Yulin 2023 da rufe iyakar da ya biyo baya har Maris 2024, wanda ya taɓa Maigatari kai tsaye. Sai janye harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150 da gwamnatin tarayya ta sanar a Yulin 2024. Waɗanda suka kalli tashin 2023 da 2024 suka cika sito a kakar 2024 da tsada, 2025 ta zo musu da saukar farashi. Babu jadawalin baya da zai hango sanarwar gwamnati, shi ya sa ba a zuba jari duka a hatsi ɗaya, ba a kuma jira a fitar da kaya duka a wata ɗaya.

Almajirin_Malam: Ana ta lissafa takardun boko an manta da waɗanda ke cikin zaurukanmu. Babin ciniki na Risala da Kitabul Buyu'i na Muwaɗɗa sun shafi wannan sana'a kai tsaye, kuma ƙungiyar da za ta juya kuɗin mutane ta zauna gaban malami a karanta mata su.

Abincin da aka saya da awo ko nauyi ko ƙirga, ba a sayar da shi kafin a karɓe shi. Wato ka saya a waya a Gujungu, kafin a auna maka ka sayar wa wani a Dawanau, bai halatta ba. Ba da kuɗi a damina don karɓar hatsi a kaka, shi ne salam, ya halatta da sharuɗɗa: a san irin hatsin da siffarsa, a san awon, a san lokacin, a biya kuɗin nan take ko cikin kwana uku, kuma a mazhabar Malikiyya ana son wa'adin ya kai kwana 15. Ba a ɗaure shi da amfanin wata gona guda. Amma ba da buhu ɗaya a bazara don a karɓi biyu a kaka riba ce ta haram tsantsa, wato kuɗin ruwa. Zakka ma ta bambanta: mai juya kaya kullum yana ƙiyasta hajarsa duk shekara ya fitar, mai ajiya yana jiran kasuwa kuwa sai ya sayar yake fitar da ta shekara ɗaya.

Ummu_Khalil: Allah ya gafarta Malam, to shi kansa saye a ajiye ɗin fa? Ba shi ne ɓoye abincin da ake wa'azi a kai ba?

Almajirin_Malam: Malama, abin da malamai suka hana shi ne wanda ke cutar da jama'a: a kwashe abinci daga kasuwa lokacin ƙunci, a riƙe don ya ƙara tsada. Saye lokacin yalwa, kasuwa cike, ba tare da an ƙuntata wa masu sayen na ci ba, Malikiyya ba su hana ba. Amma in yunwa ta shigo, hukuma na da ikon sa mai kaya ya fitar. Ƙungiyar ta kai wa malamin garinsu tsarin nata ya duba.

Ridi_Maigatari: Tunda an ambaci riɗi, shi lissafinsa daban ne, kada a haɗa shi da gero. Farashinsa ba yunwar bazara ke ɗaga shi ba, masu fitarwa waje ne da canjin dala. Masu saye na Japan, Sin da Turkiyya ne ke ja, kuma sayen ya fi zafi daga kaka zuwa farkon rani. Kana iya riƙe shi har Yuni ka tarar kamfanoni sun cika odarsu, ko naira ta ƙara daraja farashin ya sauka. Takardun da ke da amfani a nan su ne bayanan hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, NEPC, kan kayan fitarwa, farashin da kamfanin hada-hadar amfanin gona, AFEX, ke wallafawa, da takardar sharuɗɗan kamfanin da za ka kai wa. Wannan ta ƙarshen ta fi duka. A karɓo ta kafin a sayi ko tiya ɗaya: tsabta kashi nawa, danshi kashi nawa, fari zalla ko gauraye, nawa ake cirewa na nauyin buhu, kwana nawa kafin biya.

Gwajin algus a kasuwar Alhamis ta Maigatari: a soka buhu sama, tsakiya da ƙasa, a haɗa kilo ɗaya daidai, a rairaye, a sheƙe, a auna dattin. In giram 60 ya fita, kashi 6 ne, sai ka raba farashin kilo da 0.94 ka ga abin da kake biya na gaskiya. Yashi mai laushi a gindin buhu yake taruwa, wanda ya duba baki kaɗai ya sayi ƙasa da kuɗin riɗi. Zoɓo ma haka, ga kuma ƙwaro: Meziko, babbar mai sayensa, ta taɓa dakatar da na Najeriya saboda ƙwaron khapra.

Mai son fitarwa da kansa kuwa: rajistar kamfani ko ƙungiyar gama-kai, takardar shaidar NEPC, fom ɗin bayyana kayan fitarwa, NXP, ta banki, shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar killace kayan noma, NAQS, harajin duba kayan fitarwa, NESS, na rabin kashi ɗaya cikin 100, da dawo da kuɗin cikin kwana 180.

Kwarami_Gujungu: Alhaji, yaran da ba su sayi buhu hamsin ba tukuna ka kai su tashar jirgin ruwa.

Sakatare_Hadejia: Haka ne, a bar fitarwa. Takardar da suke buƙata yanzu ita ce ta rajista. Hanya biyu: ƙungiyar gama-kai, wadda ake yi wa rajista a sashen gama-kai na jiha, ko rajistar hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ga mutane da yawa masu haɗa kuɗi, gama-kai ta fi sauƙi, kuma ana ba da samfurin dokokin ƙungiya a cike. A tabbata an rubuta: wa ke sa hannu a banki, mutum biyu cikin uku, wa ke riƙe makullin sito, kuma ba shi ke riƙe littafi ba, wa ke yanke ranar sayarwa, yadda ake raba asara, ba riba kaɗai ba, da yadda mai son fita a tsakiyar shekara zai karɓi nasa. Yawancin ƙungiyoyin da suka watse, a kan ranar sayarwa da rabon mai son fita suka watse.

Kuma don Allah a guji tsare-tsaren kasuwancin da ake sayarwa a intanet an riga an rubuta. Alamarsu: farashi babu kwanan wata, babu sunan kasuwa, babu layin asara, riba na hawa kowace shekara kamar matakala.

Tarihi_Bichi: Ga masu son zurfafawa, an daɗe ana nazarin wannan sana'a a ƙasar Hausa. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa a 1967, littafinta ya fito a 1972, daga baya ta yi wani kan Ɗorayi ta Kano. Ta nuna yadda talakan manomi ke sayarwa da arha a kaka saboda buƙata, ya dawo ya saya da tsada a bazara, da yadda hatsi mai yawa ke canza hannu a cikin gidaje ta hannun mata, ba ya bi ta kasuwa sam. H. M. Hays na Samaru ya yi nazarin ciniki da ajiyar gero da dawa a shekarun 1970, ya ga tashin farashi na bambanta sosai daga shekara zuwa shekara, har ajiya ta zama mai kasada. Christopher Udry ya bi basussuka a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya a 1988 zuwa 1989, ya ga yawanci babu takarda babu jingina, kuma abin da ake biya na sauyawa gwargwadon abin da ya sami mai bashi ko mai bin bashi.

Sani_Sito77: Binciken shekara hamsin zai gaya mana farashin bana?

Tarihi_Bichi: Ba zai faɗa ba Malam Sani. Amma abin da Malam Akawu ya ce a ƙirga, shekarun da suka biya da waɗanda ba su biya ba, shi Hays ya gani tun lokacin. Na Udry kuma gargaɗi ne ga ƙungiyar da ke shirin raba kuɗin salam: in damina ta gaza, manomi zai zo da uzuri, gari kuma zai goyi bayansa. A sa wannan a lissafi tun farko.

Ummu_Khalil: Maganar cinikin cikin gida har yanzu tana nan. A ƙauyukan Ringim da Taura mata masu sayar da awo a gida da masu ƙuli-ƙuli da fura su ne kasuwar bazara ta kusa. Sayar musu buhu ɗaya-ɗaya na cire kuɗin mota da la'adar fitarwa, sai dai yawanci bashi ne na mako. A tsarin a ware musu layi.

Matashin_Taura: Allah ya saka da alheri, an wadatar da mu. To shi littafin da Alhaji Kwarami ya ce mu buɗe, me za a riƙa rubutawa a ciki?

Akawun_Gumel: Littafi biyu. Na kasuwa: kwanan wata, kasuwa, hatsi da irinsa, farashin tiya da na buhu, na safe da na yamma, nauyin tiya a sikeli, sabo ne ko tsoho, yawan motocin da suka yi lodi da inda suka nufa. Ana rubutawa ko an saya ko ba a saya ba, kuma farashin da aka ga an biya, ba wanda aka yi tayi ba. Na sito: kowane rukuni da lambarsa a jikin buhu, ranar shiga, nauyin shiga, duk kuɗin da ya ci, ranar dubawa, nauyin fita. Bayan shekara ɗaya wancan kashi 2 na ragi da na ƙiyasta za ku maye shi da naku na gaskiya. A raba aikin: ɗaya Gujungu Lahadi, ɗaya Shuwarin Litinin, ɗaya Maigatari Alhamis, wani kuma ya riƙa kiran Dawanau duk ranakun nan uku don a ga tazarar.

Kwarami_Gujungu: Kashi 2 ya yi kaɗan ga masarar Nuwamba, Akawu. Sabuwar masara da aka ɓare da wuri tana iya zubar da fiye da haka a watan farko kaɗai. Ko su jira Disamba iska ta busar da ita, ko su rage farashin saye.

Maauni_Dambatta: In suka jira Disamba kuma farashin ya riga ya ɗaga daga ƙasansa. Su auna buhu biyar ranar saye, su sake auna su bayan kwana 30, su kwatanta ragin da bambancin farashin watannin biyu a jadawalin da Akawu ya faɗa. Malam Akawu, jadawalin nan na HDX yana buɗuwa a waya, ko sai an je shagon kwamfuta?